Me zan sa a fedar jita idan taransiston da ke cikin zane ba ya kasuwa?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni mai kaɗa jita ne a wata ƙungiyar mawaƙa a nan Jos, kuma na ɗan iya haɗa kayan lantarki. Ina so in haɗa wa kaina feda uku, 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa don canja sautin jita, wato Fuzz Face da Big Muff da Phase 90, domin kuɗin na kanti ya fi ƙarfina. Zanen da na samu ya ce a sa NKT275 da 2N5088 da 2N5952, amma duk shagon da na shiga a wajen Taminus sai a miƙo mini C945 ko BC547 ko S9014, a ce mini duk ɗaya ne. Na yi odar AC128 guda biyu ta intanet na sa a Fuzz Face ɗin. Da safe sautinsa ba laifi, amma da rana ta take sai ya riƙa yankewa. Shin akwai madadin da zan dogara da shi, ko dole sai na samo ainihin lambobin?"

Ɗan'uwa, barka kadai. Abin da kake son sani shi ne ko lambar da aka buga a jikin taransisto ita ce ke ba feda sautinta, ko kuwa wani zai iya hawa gurbinsa ba tare da an yi asarar komai ba. Amsar ba ɗaya ba ce ga fedojin nan uku, domin ka zaɓo uku da kowace take amfani da taransisto ta hanyar da ta bambanta da ta 'yar'uwarta. A Big Muff mai shagon ya kusa yin gaskiya, a Fuzz Face ya yi rabin gaskiya, a Phase 90 kuwa abin da ya miƙo maka ba zai yi aiki ba ko kaɗan. Abin da ke raba su shi ne aikin da aka ɗora wa taransiston a cikin sakit, da kuma abin da mita ta nuna a kan wanda ke hannunka, ba sunan da aka rubuta masa ba.

Yana da kyau ka san cewa kamfanonin da suka fara ƙera waɗannan fedoji su ma ba su tsaya a kan lamba ɗaya ba. Fuzz Face ta fito daga kamfanin Arbiter a Landan a 1966 da taransisto NKT275 na sinadarin jamaniyam, amma kafin a yi nisa sai aka koma na sinadarin silikon irin su BC183 da BC108, kuma duka biyun an yi kiɗan da duniya ta yaba da su. Big Muff, wadda Electro-Harmonix na Mike Matthews ya fara sayarwa a New York wajen 1969, ta ɗauki 2N5133 da BC239 da 2N5088 a lokuta dabam-dabam, sannan waɗanda aka ƙera a Rasha daga baya suka zo da KT3102. Masu kamfanin suna sayen abin da suka samu da araha da yawa ne. Saboda haka lambar da ka gani a zane shaida ce ta abin da aka samu a cikin wata feda guda da wani ya buɗe, ba doka ba ce.

Karanta lambar kafin a nemi madadinta

Lambobin suna faɗin abubuwa da yawa ga wanda ya san tsarinsu. A tsarin Turai, harafin farko yana nuna sinadarin da aka yi taransiston da shi: A jamaniyam ne, B silikon. Harafi na biyu yana nuna aikinsa: C na ƙaramar murya ne, D na babbar murya, F na zangon rediyo. Da ka ga AC128 ka san jamaniyam ne na murya, BC547 kuma silikon ne na murya. Waɗanda suka fara da OC, irin su OC44 da OC75 na Mullard, tsohon tsari ne da ya riga wannan. A tsarin Japan, 2SA da 2SB jinsin PNP ne, 2SC da 2SD jinsin NPN, 2SK kuma FET ne, wani dangin taransisto dabam da zan yi bayaninsa a ƙarshe, sannan sukan yanke "2S" ɗin a jikin kayan saboda ƙarancin wuri, shi ya sa C945 da aka ba ka cikakken sunansa 2SC945. Tsarin Amurka mai farawa da 2N shi ne maras taimako, domin lambar rajista ce kawai, ba ta gaya maka jinsi ko sinadari, kuma 2N5088 da 2N5952 da suka yi kama a ido ba dangin juna ba ne.

Yawancin abin da takardar bayanin kamfani ta cika shafi da shi bai shafe ka ba. Feda tana aiki da batir mai bolt 9, wutar da take ja kuma 'yan miliamfiya ne, don haka iyakar bolt da iyakar zafi da iyakar sauri duk wani ƙaramin taransisto ya wuce bukatarka a kansu. Abubuwan da za ka duba su ne jinsi, wato NPN ko PNP ko FET, da sinadari, da adadin ninki, wato sau nawa yake ninka wutar da ta shige shi, wanda ake rubutawa hFE, da jerin ƙafafu. Idan jamaniyam ne sai a ƙara yoyo, wato wutar da ke zurarewa ta cikinsa ko ba a kunna shi ba, kuma shi ne tushen matsalar da kake fama da ita da rana.

Jerin ƙafafu ya fi komai jawo wa masu farawa ɓacin rai, saboda waɗannan baƙaƙen ƙananan taransistocin duk siffarsu ɗaya. Ka riƙe shi fuskarsa mai faɗi tana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, ka karanta daga hagu zuwa dama. A 2N3904 da 2N5088 da MPSA18 da S9014, emita ce farko, sai bes, sai kolekta. A BC547 har zuwa BC550 abin a juye yake: kolekta, bes, emita, don haka juya shi kawai za ka yi a kan bod. C945 da C1815 su ne masu wahala, domin nasu emita ne, kolekta, sannan bes, wato kolekta ce a tsakiya, kuma babu juyin da zai daidaita su sai ka sarƙa ƙafa biyu ka sa wa ɗaya rigar waya don kada su haɗu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne taransiston da aka musanya wa emita da kolekta sau da yawa ba ya yin shiru gaba ɗaya, yakan ba da sauti siriri maras ƙarfi, sai mutum ya ɗora laifin a kan lambar alhali zaman ƙafa ne.

Big Muff da sauran masu sauƙin hali

Big Muff tana da taransisto huɗu na silikon, kuma a matakanta uku na farko akwai rasisto mai wajen 470k daga kolekta zuwa bes, da wani ƙarami a ƙafar emita. Wannan tsarin yana sa sakit ɗin ya daidaita kansa, ya rage tasirin bambancin da ke tsakanin wannan taransisto da wancan. Murɗewar sautin tana fitowa ne daga diyod bibbiyu da ke matakai na biyu da na uku, launinsa kuma daga kafasitoci. Abin da ake so kawai shi ne NPN na silikon mai ninki da yawa kuma maras shuuu. Ninkin 2N5088 yana tsakanin 300 da 900. BC549C ko BC550C, masu ninki 420 zuwa 800, suna hawa gurbinsa sarai, BC547C ma haka, sai dai ya ɗan fi su shuuu a kan takarda. S9014 da mai shagon ya miƙo maka abin kirki ne idan mai harafin C ne ko D, domin C yana tsakanin 200 da 600, D kuma 400 zuwa 1000, ga shi jerin ƙafafunsa daidai yake da na 2N5088. Harafin da ke bin lamba shi ne abin lura, domin BC547A ninkinsa 110 zuwa 220 ne kacal. Ni dai a teburina S9014 nake sa wa Big Muff idan babu wani a kusa, kuma ban ga makaɗin da ya iya ware ta da kunne daga mai 2N5088 ba.

Haka hukuncin yake ga taransistocin da ke ƙofar shiga da ƙofar fita a fedoji irin Tube Screamer, inda Ibanez ya sa 2SC1815. Aikinsu miƙa sauti ne ba ƙara shi ba, don haka duk NPN mai ninki sama da 200 ya wadatar.

Fuzz Face, inda lamba ba ta isa ba

Wannan fedar taransisto biyu ce da rasisto huɗu da kafasito uku, kuma ƙarancin kayan nan ne ya sa halin kowane taransisto yake fitowa fili. Kolektar na farko tana haɗe kai tsaye da bes ɗin na biyu, sannan rasisto mai 100k yana dawo da wuta daga emitar na biyu zuwa bes ɗin na farko. Kowane yana saita ɗan'uwansa ke nan, kuma abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ma'aunin da masu haɗa ta suka fi yarda da shi shi ne na farko ya kasance mai ninki wajen 70 zuwa 85, na biyu kuma wajen 120 zuwa 140, sannan a samu kimanin bolt 4.5 a kolektar na biyu, wato rabin batir. Da NKT275 da AC128, a cikin kwali guda za ka iya samun mai ninki 40 da mai ninki 200, don haka samun ainihin lambar ba ya ba ka tabbacin komai.

Yoyo kuwa, ka ɗauki taransisto kamar famfo ne wanda bes ke murɗa kansa. Na silikon idan an rufe shi ya rufu, na jamaniyam kuwa ko an rufe yana ɗiga, kuma ɗigar tana ninkuwa kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A cikin Fuzz Face, idan yoyon na farko ya ƙaru, sai ya janye wutar da ke zuwa bes ɗin na biyu, na biyun ya rage aiki, bolt ɗin kolektarsa ya tashi daga 4.5 ya doshi 7 ko 8. A wannan matsayin ƙaramin sauti ba ya iya wucewa, sai an kaɗa waya da ƙarfi, kuma kafin sautin ya gama mutuwa da kansa sai ya yanke. Wannan shi ne abin da ka kwatanta. Ka auna kolektar na biyu da sassafe, ka sake aunawa da azahar, ka ga bambancin da idonka. Mu da muke Jos ma da sauƙi, domin garin yana saman tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, amma a lokacin hunturu tazarar da ke tsakanin sanyin asuba da zafin rana tana da faɗi sosai, musamman a ɗaki mai rufin kwano. Fedar da aka saita a nan a watan Disamba, idan aka ɗauke ta zuwa biki a Abuja a watan Maris, inda zafi ke kusantar digiri 40, ba za ta yi irin sautin da aka baro ta da shi ba. Yawancin shawarwarin da za ka karanta a kan jamaniyam mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, shi ya sa nake tsananta wa yoyo fiye da yadda suke yi.

Ramin hFE da ke jikin ƙaramar mita ba ya taimako a nan, saboda yana haɗa yoyo da ninki ya ba ka jimlarsu, sai taransisto mai yoyo ya fito kamar mai ƙarfi. Gwajin da ya dace yana bukatar batir mai bolt 9 cikakke, da rasisto mai 2.2M, da wani mai om 2,472, wanda za ka iya samu ta hanyar jera 2.2k da om 270 ko ka saita tirima, wato ƙaramin rasiston da ake murɗawa a canja ƙimarsa. Ga PNP, emita tana zuwa fozitib na batir, kolekta kuma ta bi ta rasiston 2,472 zuwa nagetib. Ka bar bes a sake, ka auna bolt a kan rasiston, wannan shi ne yoyo. Sannan ka haɗa bes da nagetib ta cikin 2.2M, ka sake aunawa. Ka cire awon farko daga na biyu, ka ninka da 100, ka sami ainihin ninki. Misali, idan awon farko 0.30 ne, na biyu kuma 1.15, ninkin 85 ne, yoyon kuma kimanin maikro'amfiya 120, wanda ake samu ta raba 0.30 da 2,472. Injiniya R.G. Keen, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan Fuzz Face, ya sa iyakar yoyo a wajen maikro'amfiya 300, wato bolt 0.74 a wannan gwajin, amma ni don yanayinmu nakan fi son na farko ya tsaya ƙasa da 150. Kada ka riƙe taransiston da yatsa lokacin awo. Za ka ga lambobin mita suna hawa saboda ɗumin hannu kawai, don haka ka sa shi a soket, ka ba shi 'yan mintoci ya huce kafin ka rubuta.

Game da AC128 ɗin da ka saya, daga nan ba zan iya yanke hukunci ko na gaske ne ko jabu ba, sai an auna. Amma ka san cewa an daɗe da daina ƙera irin waɗannan da yawa, kuma masu haɗa feda a ƙasashen waje sun shafe shekaru suna tsince masu kyau, abin da ya rage a kasuwa mai araha sau da yawa shi ne wanda aka ƙi. Akwai kuma waɗanda ake sa silikon a cikin gwangwani a buga musu tsohuwar lamba. Gane wannan ba wuya: ka sa mita a wurin gwajin diyod, ka auna tsakanin bes da emita. Jamaniyam yana nuna kimanin 0.1 zuwa 0.3, silikon kuma 0.6 zuwa 0.7. Tunda naka yana canja hali da zafi, alama ta fi nuna jamaniyam ne na gaske mai yawan yoyo.

Inda ake samun jamaniyam a nan gida

Ma'adanar da ta fi kusa da kai ita ce tsofaffin rediyo da rikoda na shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Dattawan masu gyaran rediyo suna da kwalayen matattun bod a ƙarƙashin teburinsu, 'yan gwangwan ma sukan tsinto su, kuma a Abuja kasuwannin panteka wurin dubawa ne. Abin da za ka nema shi ne ƙananan gwangwanaye masu launin azurfa ko baƙi, masu dogayen ƙafafu uku. Na Japan sun fi yawa a wajenmu: 2SB54 da 2SB56 na Toshiba, 2SB75 da 2SB77 na Hitachi, 2SB175 na Matsushita mai rediyon National. Duk PNP ne na murya, kuma da yawansu ninkinsu yana faɗawa inda Fuzz Face ke so. A rediyon Turai za ka tarar da AC125 da AC126 da AC128 da AC188. Idan ka ga AF114 zuwa AF117 ka bar su, domin an san su da wata cuta: kuzar da aka shafe cikin gwangwaninsu da ita tana tsiro da siraran zare da ke haɗe cikin taransiston da jikinsa. Wajen cirewa, zafi ne abokin gabar jamaniyam. Ka kama ƙafar da filaya tsakanin jikin taransiston da inda dalma take domin filayar ta sha zafin, ko kuma ka yanke ƙafar da tsayinta ka huta.

Idan oda za ka yi, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun fi AC128 aminci, domin an ƙera su da ɗimbin yawa kuma ba su da sunan da zai sa a yi jabunsu. MP39 zuwa MP42 da GT308 da GT402 PNP ne, MP38A kuma NPN. GT308 an san shi da ƙarancin yoyo. Dangin MP sukan zo da ninki ƙasa-ƙasa, don haka sun fi dacewa da gurbin farko. Ka sayi goma ko ashirin ka tace, kada ka sayi biyu ka dogara da sa'a.

Duk wanda ka samu, ka cire rasiston 8.2k da ke kolektar na biyu ka sa tirima mai 20k a gurbinsa, ko ma ka fito da shi waje a matsayin maɓalli na uku. Idan zafi ya ɗaga bolt ɗin, ka ƙara tirimar har ya sauko wajen 4.5. Wannan gyaran shi kaɗai yana iya ceto AC128 ɗinka idan yoyonsu bai wuce kima ba, kuma shi zan fara gwadawa kafin in sayi komai. Ka kuma musanya su gurbi, mai ƙarancin yoyo ya zama na farko.

Akwai kuma batun wuta. Fuzz Face mai PNP fozitib ɗinta ne ke haɗe da layin ƙasa, akasin kusan duk sauran fedoji. Idan ka jona ta da Big Muff a kan adafta guda, ka haɗe fozitib da nagetib ke nan. Ko dai ka bar ta a kan batir, wanda zai daɗe domin abin da take ja kaɗan ne ƙwarai, ko ka sa ƙaramin IC mai juya wuta irin TC1044S ko LT1054, ko ka haɗa ta da NPN irin AC127 ko MP38A ka juya batir da kafasitoci masu fuska.

Komawa silikon

Ga mai kiɗa a coci ko wurin biki, wanda ba zai tsaya yana murɗa tirima a tsakiyar waƙa ba, shawarata ita ce silikon, kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin ci baya, tunda Arbiter da kansa ya yi hakan. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki BC547C ko BC109C mai ninki 500 a cusa, sai a sami sauti mai kaifi da ƙugi, wani lokaci har da muryar gidan rediyo a cikin lasifika. A nemi silikon mai ƙaramin ninki. 2N3904 da 2N2222A suna tsakanin 100 da 300, kuma idan ka auna da yawa za ka tsinci na ƙasa. C1815 mai harafin O yana tsakanin 70 da 140, mai Y kuma 120 zuwa 240. BD139, wanda kowane mai gyaran amfilifaya yake da shi, ya fi girma a jiki amma ninkinsa yakan faɗa inda ake so, kuma ya fi ƙananan laushin sauti. Sai ka saita tirima, ka kuma sa ƙaramin kafasito mai 100pF zuwa 220pF tsakanin kolekta da bes na taransisto na biyu, wanda zai rage kaifin ya kuma hana ƙugin. Abin da ba za ka samu cikakke ba shi ne yadda jamaniyam ke washewa a hankali idan aka rage maɓallin ƙarar jita. Silikon mai ƙaramin ninki yana kusantar hakan, amma ko ya isa ko bai isa ba kunnenka ne zai yanke, mita ba ta auna wannan.

Wannan sauyin ba ya yiwuwa kai tsaye a kowace tsohuwar feda. A Tone Bender MkII da Maestro FZ-1 ta 1962 akwai matakan da babu rasiston da ke kai wuta bes, yoyon ne kansa yake kunna taransiston. Idan ka sa silikon a can, ko jamaniyam maras yoyo irin GT308, shiru za ka ji har sai ka ƙara babban rasisto daga layin wuta zuwa bes. Idan wata rana ka kai ga waɗannan, taransistocin da ka ware saboda yoyo suna iya samun aiki a can, don haka kada ka zubar da su.

Phase 90 da dangin FET

2N5952 ba irin su BC547 ba ne. JFET ne, wato wani nau'in FET, ƙafafunsa get da sos da diren, kuma bolt ne ke sarrafa shi ba kwararar wuta ba. A Phase 90 ta MXR guda huɗu ne, kowane yana aiki a matsayin rasisto mai canjawa, kuma layi ɗaya ne yake juya su duka a lokaci guda. Idan bolt ɗin da kowane ke rufewa a kansa ya bambanta, ɗaya zai rufe tun sauran ba su fara motsi ba, sai lilon sautin ya zama rauni ko ya ɓace. Takardar 2N5952 ta yarda wannan bolt ɗin ya kasance ko'ina tsakanin 1.3 da 3.5, don haka ko ainihin lambar ka samu guda huɗu, ba lallai su yi aiki tare ba. Huɗu masu lamba dabam da zane amma masu awo ɗaya sun fi huɗu na ainihi da ba a tace ba. 2N5457 da 2N5485 da 2SK30A duk ana amfani da su, muddin an daidaita su an kuma sake saita tirimar da ke kan bod.

Awon yana da sauƙi. Ka haɗa diren da fozitib na batir, get da nagetib, sannan ka sa mitar dijital a wurin bolt tsakanin sos da nagetib ba tare da wani rasisto ba. Abin da ta nuna yana kusa da bolt ɗin rufewa. Ka auna goma sha biyar ko ashirin, ka manna wa kowane 'yar takarda, ka zaɓi huɗu da bambancinsu bai wuce 0.05 zuwa 0.1 ba. Idan ka juya mitar zuwa miliamfiya a wuri guda, za ta ba ka iyakar wutar da yake wucewa, wadda ga 2N5952 ya kamata ta kasance tsakanin 4 da 8.

A wannan dangin ne jabu ya fi yawa. Manyan kamfanoni irin Fairchild sun daina ƙera J201 da 2N5457 da makamantansu masu dogayen ƙafafu, amma har yanzu za ka ga ana tallarsu a intanet hamsin-hamsin da arha. J201 na gaske yana rufewa tsakanin bolt 0.3 da 1.5, wutarsa kuma 0.2 zuwa 1 miliamfiya, don haka wanda ya nuna maka miliamfiya 10 wani abu ne aka canja wa suna. Hanyar da ta fi tabbas ita ce 'yan mitsi-mitsin da ake mannawa a saman bod, MMBFJ201 da MMBF5457, waɗanda ƙwayar cikinsu ɗaya ce da ta dā. Ana ɗora su a kan ɗan guntun bod mai ƙafa uku, kuma idan hannunka bai saba da ƙananan kaya ba, duk mai gyaran waya zai manna maka su cikin ɗan lokaci. Jerin ƙafafu a nan ma yana bambanta: a 2N5457 get yana gefen dama, a 2N5952 yana gefen hagu, a 2SK30A kuma yana tsakiya. Ka sa soket a gurbin duka huɗun, kada ka narka musu dalma sai ka ji lilon yana tafiya daidai daga sama har ƙasa.